Alamar Komawa Gida

Auta tana tsugune a bayan ofishin gandun daji tana wanke burushin fenti, wayarta ta hau ruri a aljihu. Ta ɗaga da gefen hannu ta maƙale ta a kafaɗa.

"Baba yana wurinki?" Muryar yayarta ce, ko gaisuwa babu.

"Wurina kuma? Me zai kawo shi?"

"To ba ya ɗaki. Na shiga wanka, na fito na tarar da ƙofa a buɗe. Takalmansa na daji ba sa ƙarƙashin gado, sandar ma babu."

Auta ta miƙe tsaye. Ba ta tsaya tambayar ina ya nufa ba, don mutumin da ya manta sunan jikokinsa, ya manta ko ya karya kumallo, abu ɗaya ne bai manta ba, wato hanyar da ya sare da hannunsa shekara talatin da suka wuce, daga bakin kurmi zuwa maɓuɓɓuga, daga nan zuwa kan dutsen da ake tsayawa a hango kogi a kwari. Shi ne jagoran masu tattaki har ƙwaƙwalwa ta fara yi masa gardama, ita kuma ta gaji aikin. Abin da bai riƙe ba shi ne dutsen nan ya zaftare da ruwan bana. An faɗa masa ya fi sau goma. Yanzu tsohuwar hanyar tana shan kwana ne kawai ta ƙare a iska.

"Yaya, minti nawa?"

"Ina na sani? Wanka ne, ba agogo na shiga da shi ba. Sai da na ce a sa wa ƙofar nan kwaɗo, kika ce mahaifinmu ba akuya ba ne. Ke da rabonki da gidan nan mako uku!"

Auta ta kashe wayar. Ta cusa burushin a jakarta ta baya, inda ragowar gwangwanin fenti yake tun jiya, ta hau babur ɗin ofis.

A bakin kurmi ta yar da babur ɗin, ko jingine shi ba ta yi ba. Sawun takalmin yana nan a laka, da ɗigon sanda a gefen dama. Ta bi da sauri, sannan da gudu, sannan ta koma sauri saboda haƙarƙarinta ya fara suka. Wata biyu ta yi tana aikin wannan daji. Ta bi jajayen alamun da Baba ya shafa a jikin itatuwa ta rufe su da fenti ruwan toka, ta fitar da sabuwar hanya da rawaya zuwa wani tudu mai lafiya, ta sa an kafa benci. Gobe za a buɗe, mutum arba'in sun rubuta suna. Har yabo shugabanta ya yi mata, shi da yabo ke masa wuya kamar cire haƙori.

"Baba!" ta kira. Tsuntsaye suka tashi, shi ke nan.

A maɓuɓɓuga ruwa yana tsattsafowa daga ƙarƙashin dutse yadda ya saba, ko a jikinsa. Kofin ƙarfen da ke rataye a reshe a jiƙe yake, kuma a kife. Kowa ya sha a miƙe yake rataye shi, Baba kaɗai ke kifewa don kada ganye ya taru a ciki. Can gefe mai kiwon zuma yana duba akwatunansa, fuskarsa cikin raga.

"Sannu da aiki, ka ga mahaifina?"

"Tsohon jagora? Ya wuce, ai har mun gaisa. Ya tambaye ni lafiyar babana." Ya gyara ragar fuskarsa. "Shekara tara da rasuwarsa. Na dai ce yana lafiya."

"Ba ka tsayar da shi ba?"

"Ni in tsayar da shi a dajin nan? Shi fa ya nuna mini inda zan ajiye akwatunan nan."

Ta so ta zazzaga masa masifa, ba lokaci. Ta wuce.

A mararraba ta ga abin da take tsoro. Igiyar da ta ɗaure a bakin tsohuwar hanya an kwance ta, an naɗe tsaf an rataye a kan allon gargaɗi, irin naɗin da ya koya mata tun tana 'yar firamare. A itacen farko kuwa an kankare fentinta ruwan toka da wuƙa, ja ya fito ɗanye kamar jiya aka shafa. Na biyu ma haka. Na uku ma.

Daga nan ba ta san yadda ta yi tafiyar ba. Ƙaya ta kama mata riga ta fizge, ta zame ta dafa ƙasa ta tashi. Tana gudu tana lissafin itatuwa, don ta san guda nawa suka rage kafin kwanar. Tana jin haushin Yaya da wankanta, tana jin haushin mai zuma, amma haushin kanta ya fi. Igiya! Wai igiya ta ɗaure wa mutumin da ya yi rayuwarsa yana kwance igiya.

Saura taku ashirin a kai kwanar ta yi karo da shinge. Rassa ne aka sare aka gicciya a hanya, an danne da duwatsu, ganyensu ko yaushi bai yi ba. Ba ita ta yi ba. Ta tsallake, ta rarrafa zuwa bakin zaftarewar da gwiwa, ta leƙa. Jar ƙasa, saiwoyi a waje, kogi can ƙasa yana ta tafiyarsa. Babu hula, babu sanda, babu kowa. Ta daɗe tana dubawa kafin ta yarda da idonta. Da ta dawo wajen shingen sai ta ga sawun ya juya dama, ya ratsa ciyawa ya haura, wajen sabon tudunta.

A can ta same shi. Bai zauna a bencin ba, bai ma kalli kwarin da ta sha wahala ta share wa ido ba. Zagaya wani itace yake yi yana shafa ɓawonsa yana tsaki.

"Baba."

Ya juyo ya dube ta sama da ƙasa, da rigarta a yage da laka har gwiwa. Fuskarsa ta yi laushi irin yadda yake yi wa baƙi.

"'Yar nan, ɓata kika yi?"

Maganar ta soke ta, ko da yake ba yau ya fara ba. Ta zauna a bencin tana haki, tana so ta rungume shi, tana so kuma ta yi masa faɗa har muryarta ta dishe.

"Kada ki bi ta can," ya nuna da sanda. "Ƙasa ta tafi. Tun daga nesa na ga itatuwa sun karkata. Na tare wurin."

"Na gani. Mu je gida, Baba."

"To shige gaba mu gani."

Ta miƙe ta juya ta fuskanci gangara, tana neman rawayar farko. Babu. Ta matsa gaba, ta duba hagu, ta duba dama. Itatuwa ne kawai, duk kamarsu ɗaya, ga 'yan hanyoyin dabbobi uku sun rabu a cikin ciyawa, ɗaya a cikinsu ta nufi wajen zaftarewar. Ta waiwaya baya, sai ga rawaya reras a jikin kowane itace, tana kallon mai hawowa.

Sai a lokacin abin ya faɗo mata. Kullum daga ƙasa take farawa, tana shafa fenti a fuskar da ke kallonta, in ta iso tudu motar ofis ta ɗauke ta a titin masu katako da ke baya. Ko sau ɗaya ba ta taɓa sauka da ƙafa ba. Gobe kuwa babu motar da za ta jira mutum arba'in.

"Kin gani?" in ji Baba, har da 'yar dariyarsa. "Wanda ya yi fentin nan gwanin tafiya ne, amma bai yi tunanin komawa gida ba. Itace fuska biyu gare shi. Taku goma, ka waiwaya, ka ga abin da mai dawowa zai gani." Ya buga sanda a ƙasa. "Da Autata ce ba za ta yi wannan shirme ba. Ni na koya mata."

Auta ta sunkuyar da kai tana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba, sai da idonta ya washe.

Waya ta sake ruri.

"Kin gan shi?"

"Ga shi nan, lafiyarsa ƙalau."

Ta ji Yaya ta sauke numfashi, ta ji kuma kukan da take dannewa. "Wallahi yau sai kwaɗo. Na riga na aika a sayo. Ku taho yanzu."

Auta ta dubi mahaifinta. Ya riga ya yi gaba taku goma, ya tsaya, ya waiwayo, yana auna wani itace da ido.

"Ajiye kwaɗon tukuna, Yaya. Za mu ɗan jima. Ki sa abinci da ni, a gida zan kwana."

Ta sauke jakar, ta ɓalle murfin gwangwanin da makullin babur. Fentin ya fara kauri amma zai yi.

"A ina zan sa, Baba?"

Ya ɗora bakin sanda a jikin itacen, daidai tsayin ido.

"Nan. Kada ki cika, layi ɗaya ya isa." Ya tsaya yana kallon yadda ta riƙe burushin, ya gyaɗa kai. "Hannunki ba laifi. Wa ya koya miki?"