Wandon Ninkayar Hedimasta

Da likita ya ce wa tsohon hedimasta ninkaya ce maganin gwiwarsa, sai ya sayi gajeren wando a ɓoye. Ja ne zur, mai zanen kifaye, don shi kaɗai ya yi masa daidai a kantin. Ya rantse uwargida ba za ta taɓa ganinsa ba.

Ranar farko ya sha mai da turare, ya nufi wurin ninkaya na cikin gari yana taƙama. Mai kula da wurin, wani ƙato mai usur a wuya, ya tare shi.

"Ranka ya daɗe, sai an fara watsa ruwa a shawa."

"Ni? Ka ga alamar dauɗa a jikina?"

"Wane ni! Man nan da turaren ne ba ma so su shiga ruwa."

Hedimasta ya ƙura masa ido, sai ya gane shi. Tsohon ɗalibinsa ne, wanda ya sha kora gida saboda ƙazantar farce. Ya juya ya shiga shawa.

Bayan mako uku ƙaiƙayi ya kama shi, tsakanin yatsun ƙafa da kuma inda ba a sosawa a gaban mutane. Ya dawo a fusace.

"Ruwanku ne! Kun zuba mini cuta!"

Mai usur ya ɗebo ruwan ya gwada a gabansa, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ke ciki ya yi daidai. Sannan ya ce, "Malam, a ɗakin canja kaya kana sa silifa?"

"Silifa kuma? Ina ruwan biri da gada?"

"To, ina kake shanya wando da tawul?"

Hedimasta ya ƙanƙame jakarsa. Mai usur ya zuge jakar da ke hannun hedimasta, sai ga wani wari ya bugo, har ya ja da baya. Ashe kullum aka tashi, a jiƙe hedimasta yake cusa su a jakar ya jefa bayan mota, gobe ya sake sawa.

"Haba Malam! Ai nan ka buɗe wa ƙaiƙayin makaranta, har da ɗakin kwana. Ka je likita ya duba ka, kuma ba shiga ruwa sai ka warke. Wandon nan a wanke shi, ya sha rana."

"Kai, ni kake ba wa hutun dole?"

"Na mako biyu kacal, ranka ya daɗe."

Da yamma hedimasta ya wanke wandon da kansa, ya shanya a bayan gida. Yana tsaye yana gadinsa uwargida ta fito kwashe shanya. Ta dubi kifayen, ta dubi mijinta, ta zauna a kan bokiti tana dariya har da hawaye.

"Maigida, na jikanmu ne aka manta?"

"Likita ne ya rubuta," in ji shi.

Da ta samu numfashi, sai ta tambaye shi wace rana ce ta mata a wurin, don ita ma bayanta na damunta.