Dutsen Wasa Askar Firmin

Kafin a tashi daga coci ran Lahadi, duk ƙauyen ya ji cewa Firmin wanzami ya yanki magajin gari a haɓa, kuma ba shi ne na farko ba. Mata a layin burodi suka ce hannu ne ya soma rawa. Firmin ya ce sharri ne, dutsen wasa askarsa ne ya yi kwari a tsakiya.

Matarsa Odile ta naɗe dutsen a tawul ta kai wa Zénobe mai gyaran duwatsu, wanda ya taɓa neman aurenta tun haƙoranta na cike.

"Ashe kin tuna hanya, Odile?"

"Rufe mini baki, tsohon banza, ka duba dutse."

Dutsen rawaya ne a sama, shuɗi a ƙasa. Rawayar ce ke fito da kaifi, ta kuwa sirance kamar ɓawon cuku. Zénobe ya zana layuka da fensir a kan rawayar, ya watsa yashi da ruwa kan farantin ƙarfe, ya kifa dutsen. Inda kwari yake, nan layi ke saura. Guga kaɗan ya yi ya ɗaga, babu layi ko ɗaya.

"Dutsen nan lafiyarsa ƙalau," ya ce, yana kallon ƙasa.

Odile ta san hannu ne ba dutse ba, ita ke wanke kofin da ke ɗiga a rigar Firmin kullum. In ta mayar da dutsen haka, gobe zai sake ɗora aska a wuyan wani, har ranar da za a rufe masa shago a gaban mutane. To amma dutsen na ubansa ne, kuma ya sha rantsuwa ba zai wasa aska a kan wani ba.

"Ci gaba da guga," ta ce.

"Har ina?"

"Har shuɗi."

"Zai ce na kashe masa dutse. Zai yi ta zagina a mashaya har in mutu."

"Da can yabonka yake?"

Zénobe ya ƙara yashi.

Da ta kai gida, Firmin ya juya dutsen a hannu, babu rawaya ko ta magani. Ya zagi Zénobe, ya haɗa da kakansa. Sannan ya daɗe yana kallon matarsa.

"Kwarin ya yi zurfi, ko?"

"Ya yi zurfi, maigida."

"To riƙe mini tsani in sauke allon shago."