Saiwar Kanya Ba Ta Jiƙe Ba

Turken farko ya karkata. Na lura da shi ne lokacin da nake sauke bokitin wanki daga kaina, jan ƙyallen da ke wuyansa yana lasar ruwa. Jiya da yamma a tsaye yake ƙyam.

Mu muka kafa turakun nan. Tun shigowar rani tifofi suke zuwa ɗibar yashi a ƙasa da maƙetarar garinmu, da farko da shebur, daga baya suka kawo katafila. Kafin mutane su farga an bar mana ramuka a tsakiyar rafi, wani ma ko raƙumi ya faɗa sai an leƙa a gan shi. Mai unguwa ya tara gari, aka kafa kwamitin tsaron rafi, aka ba Baba Mijinyawa shugabanci. Samari suka haƙa gwalalo suka datse hanyar tifa. Mata suka shuka ciyawar jema a gaɓa don ta riƙe ƙasa. Aka saro gora aka kafa a bakin kowane rami, saboda idan ruwa ya zo ya rufe su a san inda suke. An saka ni a kwamitin don na yi jami'a, amma ban taɓa buɗe baki a taro ba. Aikina ɗaura ƙyalle, kuma na ji daɗin hakan.

To ga ruwan ya zo. Tun safe ake tafka shi ta wajen Rogo, mu yayyafi kawai muka samu, amma kafin azahar rafi ya kawo, jajir da shi, yana tafe da kara da busassun rassa. Ƙararsa ta cika kunne.

Inna tana tsallake. Mijin yayarta ne ya rasu, suka tafi zaman makoki ita da maƙwabciyarmu Lantana da wasu matan unguwa, tun rafin yana busasshe. Yau aka yi sadakar bakwai, kuma ta ce da an yi azahar za su kamo hanya. Wayarta ta mutu tuni, can babu wuta.

A garinmu ba a tambayar kowa zurfin rafi, kanya ake dubawa. Tsohuwar bishiya ce a bakin maƙetara, tana da wata saiwa mai kauri da ta fito daga gaɓa ta lanƙwashe kamar gwiwar mutum. Idan ruwa bai taɓa ta ba, to bai wuce ƙugu ba, a shiga. Idan ya jiƙa ta, a kwana inda ake. Duk ranar da rafi ya kawo, Baba Mijinyawa yakan shimfiɗa buzunsa a gindinta. Murya ba ta kai tsallake in ruwa na gudu, don haka farar hularsa yake ɗagawa ya kaɗa wa mutanen can, su kuwa sai su tattare tufafi su shigo.

Na dubi saiwar. A bushe take, tsakaninta da ruwa ya fi taƙi.

Abin da ya tsayar da ni ke nan. Ruwan da ya kawo haka, da wannan ƙara, ya kamata a ce ya kusa lasar ta. Na sake duban turken. Ina kallo ya ƙara sunkuyawa, ba ta inda ruwa ke tura shi ba, ƙasar da ke gindinsa ce ke janyewa. Sai wani darasi da aka yi mana a aji ya faɗo mini. Rami a cikin rafi ba ya zama wuri ɗaya. Ruwa yana zubawa a cikinsa yana cin leɓensa na sama, yashi na ruftawa, ramin yana rarrafowa ta inda ruwan ke fitowa. Ta wajen maƙetara ke nan. Kuma in ƙasan rafi ya yi ƙasa, ruwan ma ƙasa zai yi, ya bar saiwa a bushe.

Na juya da sauri.

Na hau gaɓa. Baba Mijinyawa yana zaune, tare da Sulle mai faci da wasu maza da ke jiran ruwa ya ragu su tura baburansu. Na durƙusa daga gefe.

"Baba, ina wuni."

"A'a, amaryata ce? Lafiya lau. Yau ma ba ki zo mini da fura ba. Anya auren nan zai yi ƙarko?"

Sa'an kakana ne, haka yake tsokanata tun ina ƙarama. Na yi ƙoƙarin murmushi, ya ƙi zuwa.

"Baba, turken farko ya karkata."

"Me kika ce? Ɗaga murya, rafi ya fi ki baki."

"Turken farko. Ya karkata."

Ya kare ido da hannu ya hango. "Ruwa ne ya ture shi. In ya janye sai a gyara."

"Ba ruwa ba ne. Ramin ne yake tasowa. Ina jin ya kusa maƙetara."

Sulle ya tuntsire da dariya. "Rami yana tasowa? Malama Bahijja, a jami'ar aka ce muku rami yana da ƙafa? To ku ɗaure shi mana kada ya shigo gari ya sha mana kunu."

Mazan suka yi dariya. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata.

Baba bai yi dariya ba, amma ya miƙa sandarsa ya ƙwanƙwasa saiwar. "Yarinya, ramukan nan ni na auna su da ƙafata. Mafi kusa ma yana can nesa da hanya. Wannan kuwa, tun ina bin ubana gona nake karanta ta, ba ta taɓa yi mini ƙarya ba. Kin ga ruwa a jikinta?"

"A'a."

"To."

Ina da sauran magana, amma idanun maza sun yi mini yawa. Na tashi na bar wankin a nan na ruga gida.

Yaya Yusha'u yana zaure yana gyaran garma. Farkon rani ya yi lodin yashi da shebur kafin gari ya hana, kuma tun daga lokacin ba ya son zuwa bakin rafi, don ba a rasa mai ce masa ga mai haƙa mana kabari nan. Na faɗa masa komai a tsaye, numfashina yana yankewa. Na zaci zai ce in bar shirme. Sai ya ajiye guduma a hankali.

"Ko da rani bangon ramin nan da kansa yake zubowa," ya ce. "Inna ta taso?"

"An yi azahar."

Ya fizgi igiyar rijiya daga rataye, ya ɗauki doguwar gorar da muke kaɗo mangwaro da ita. Muka fita da gudu.

Tun daga nesa na ga babu turken. Inda yake ɗazu, ruwan ya yi sumul, ya yi duhu, yana juyawa a hankali kamar ana dama shi daga ƙasa. Sannan na ga farar hula a sama. Baba Mijinyawa yana tsaye yana kaɗa ta.

A tsallake mata sun jeru, kowacce da kaya a ka. Inna ce a gaba, na gane ta da koren mayafinta da ta ɗaure a ƙugu. Ta riga ta tattare zani. Ta sa ƙafa a ruwa.

"Baba, sauke hular!" Yaya ya daka tsawa. "Sauke!"

"Kai, Yusha'u, ni kake yi wa ihu?"

Yaya bai tsaya ba. Ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya cilla wa Sulle ɗaya bakin. "Riƙe. In ka saki, wallahi ni da kai ne."

Sulle ya buɗe baki zai yi wasa, ya dubi fuskar Yaya, ya naɗe igiyar a hannu. Wasu maza biyu suka kama masa.

Yaya ya shiga yana caka gora a gabansa. Ruwa iya gwiwa, sannan iya cinya. Yana ɗaga hannu ɗaya yana yi wa Inna alamar ta koma, yana kiran "Koma! Inna, koma!" Ko mu da ke bayansa da ƙyar muke jin sa.

Inna ta hango shi. Na ga haƙoranta, murmushi take yi. Ta ɗaga masa hannu ita ma, ta ƙara sauri.

Sai a nan na fahimta. Tun muna yara, duk ranar da Inna ta dawo daga tsallake, ɗayanmu yakan shiga ruwa ya tare ta a tsakiya ya karɓi kayanta. Abin da take gani ke nan. Ɗanta ya zo taryarta, ga hular Baba ta ba da izini, ga saiwa a bushe. Duk takun da Yaya ya yi, ita tana yin biyu. Tsakaninsu kuwa wannan ruwan ne mai sumul.

"Yaya, tsaya! Wurinka take zuwa!"

Bai ji ni ba. Babu wanda ya ji ni. Mazan da ke gaɓa sun fara ihu suna ɗaga hannuwa, matan tsallake suna ɗago musu nasu. Ruwa ya kai wa Inna ƙugu. Lantana tana bayanta, da wata mai goyo a bayan Lantana.

A gidanmu akwai abin da ba a yi. Idan yaro ya ɗora hannu biyu a ka, ko da wasa, Inna takan buge hannun ta ce, "Wa ya mutu?" Ban san lokacin da na taka saiwar kanyar na hau kanta ba, a gaban Baba Mijinyawa, inda duk mai tsallake yake kai idonsa. Na cire hijabina na yar. Na ɗora hannu biyu a ka na kurma ihu, irin wanda ban san yana cikina ba. Na sake kurmawa. Maƙogwarona ya yi kamar zai tsage, ban daina ba.

Inna ta tsaya.

Ban ce ta ji ni ba. Amma ta gan ni, Bahijjar da ko sallama sai an ce ta maimaita, a tsaye a kan saiwa babu hijabi, hannu a ka. Murmushin ya bar fuskarta. Ta dafe kayanta da hannu ɗaya tana duban mu ɗaya bayan ɗaya, tana neman wanda babu.

Yaya ya miƙa gorar gabansa iya tsawon hannu ya caka. Ta shige. Ya ƙara dannawa, ta ci gaba da shigewa, gorar da ke kai wa ƙololuwar mangwaro, har hannunsa ya nutse zuwa kafaɗa. Bai taɓa ƙasa ba. Ya sake ta, ta yi sama ta kwanta a kan ruwa tana juyawa wuri ɗaya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji Sulle. Muryarsa ta zama ta wani.

Inna ta ga gorar. Ta fara ja da baya a hankali, kuma a daidai nan yashin da ke ƙarƙashinta ya tafi. Na ga ta yi ƙasa gaba ɗaya, ruwa ya kai mata wuya, kayan kanta suka kife. Lantana ta yar da nata ta cafki koren mayafin da hannu biyu. Mai goyon ta kama Lantana, ta bayanta ta kama ta. Suka yi ta ja, suna zamewa, suna ja. Kan Inna ya ɓace, ya fito. Yaya ya yunƙura zai faɗa, mazan suka fizgo shi da igiya yana zaginsu. Ni kuwa hannuwana sun ƙi saukowa daga kaina.

Sai na ga gwiwoyin Inna a kan yashi. Suka ja ta har gaɓa, ta kwanta a gefenta tana tari, Lantana tana bubbuga mata baya. Babban kwanon da ta ɗauko ya zagaya sau da yawa a kan ruwan nan mai duhu, ya cika, ya nutse a tsakiyar hanyar da muke bi tun muna yara.

Inna ta tashi zaune. Ta ɗaga hannu ɗaya, ta nuna ni, ta nuna saman kanta. Na gane. Na sauke hannuwana, na sauko na ɗauki hijabina daga laka na saka shi haka nan.

Lantana ta nuna yamma, alamar za su zagaya ta gada, tafiyar da sai magariba. Wasu samari suka tayar da babura don su taro su. Aka fito da Yaya yana rawar ɗari. Sulle yana ta faɗin a kawo ƙaya a toshe maƙetarar, a aika tsallake, a gaya wa mai unguwa, kada wani ya zo gobe ya dubi kanya ya shiga.

Baba Mijinyawa yana tsaye inda yake, hular a hannunsa. Ya sunkuya ya shafa saiwar, wajen da ƙafata ba ta ɓata ba. Ya dubi tafin hannunsa. Babu ko danshi.

Ya ninke hular ya saka a aljihu. Ban taɓa ganin kansa a buɗe ba sai ranar. Ya bi ta bayan masu hayaniya ya kama hanyar gari, sandarsa a hammata, ya bar buzunsa a shimfiɗe a gindin kanya.