Ma'aunin Kawu

Aikin Auta a sashen bincike na asibitin koyarwa shi ne koya wa kwamfuta gane ciwon daji a hoton huhu. Manhajar irin wadda aka tsara kamar jijiyoyin ƙwaƙwalwa ce: a nuna mata dubban hotuna, a ce wannan tabon daji ne, wancan ba shi ba ne, har ta kama hanya da kanta. Amma sai an fara zaɓa mata alamomin da za ta riƙa dubawa. Auta da Likita, matar da ke karanta hotuna a ɗakin da ke kusa da nata, sun zaɓi girman tabo, da kaushin gefensa, da duhunsa, da yadda cikinsa yake, sumul ko gauraye.

Sai aka kafa kwamitin duba aikin, shugaban kwamitin kuwa Farfesa ne, yayan mahaifiyar Auta.

Farfesa yana da wani ma'auni da ya ƙirƙiro tun yana saurayi: a auna tazarar tabo daga ƙashin wuya, a raba da faɗin ƙirji. Ya rubuta takardu a kai, kowace tana kafa hujja da 'yar'uwarta. Ɗalibai na haddace shi don jarrabawa, su manta da shi a bakin ƙofa.

"Ban ga ma'aunina a nan ba," in ji shi a zaman farko, yana leƙen allo ta saman tabarau.

"Ranka ya daɗe, mun gwada shi," in ji Likita.

"Madalla. To a sa shi a sama."

Auta ta san abin da gwajin ya nuna. Ma'aunin bai fi a jefa kwabo sama a ce kai ko gindi ba. Ta koma gida ta tarar da Inna, mahaifiyarta, tana ninke wanki a falo, ta zayyana mata komai.

"Yanzu Yaya za ki ce wa bai iya ba?" Inna ta ajiye zanen da ke hannunta. "Mutumin da ya goya ki ranar da kika faɗo daga kan kujera? Ki sa masa abinsa mana. Kwamfutar ce za ta ji ciwo?"

Kwamfutar kuwa ba ta ji ciwo ba. Auta ta sa ma'aunin a saman jeri, ta bar manhajar ta yi karatunta. Irin wannan manhaja takan ba kowace alama nauyi gwargwadon amfaninta. Da aka gama, kaushin gefe ya kwashi kaso mai tsoka, duhu ya bi baya, ma'aunin Farfesa kuwa sifili, da ɗigo, da wasu sifilin. Likita ta yi dariya har da riƙe tebur.

"Wallahi na'urar nan ta fi mu tarbiyya," ta ce. "Ta ba shi kujerar gaba, ta gaishe shi, sannan ta ci gaba da aikinta kamar ba ya nan."

Da abin ya tsaya nan da kowa ya huta. Amma a zama na gaba Farfesa ya ɗora yatsa a kan sifilin ya tambayi ma'anarsa. Auta ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tuna maganar Inna. Mataimakin Farfesa, wanda ke jiran ƙarin girma, ya yi caraf ya ce ai lambobin nan kuskuren kowace alama suke nunawa, ranka ya daɗe, naka babu ko ɗaya. 'Yan kwamiti suka tafa.

Farfesa ya jingina da kujera, fuskarsa ta cika da tausayi. "To me ya sa muke wahalar da na'ura da sauran tarkacen? Dubi wannan kaushin gefen, kuskurensa ya fi na kowa. A cire su duka. A bar nawa."

Auta ta tuna layin mutanen da ke zaune a kan benci kullum a bakin ɗakin hoto, kowa rungume da ambulan ɗinsa. Da yamma ta bi shi ofis.

"Kawu, sifilin nan ba kuskure yake nufi ba. Manhajar ce ba ta amfani da shi sam."

"Hassada har ta kai ga na'ura?" Ya cire tabarau. "Ke Auta, yaushe aka haife ki? Gyara ta yadda na ce. Ni da kaina zan gwada ta."

Ta yi masa kwafi na daban mai ma'auninsa kaɗai, ta bar na ainihin yadda yake. Washegari ya shigo ɗakinta da hoton ƙirjinsa na binciken shekara, wanda ke da ɗan tabon wani tsohon tari. Ya ce a sa, a ga yadda ilimi ke aiki. Ta sa. Allon ya yi ja, ya rubuta cewa akwai alamar daji mai ƙarfi.

Farfesa ya lalubi kujera ya zauna. Ya kwance maɓallin wuya. Ya tambaya ko fankar ɗakin ta lalace ne, alhali tana ta juyi a kansa.

"Auta," ya ce da ƙaramar murya, "waccan ɗayar fa? Mai tarkacen?"

Ta sa hoton a ta ainihin. Allon ya yi kore. Bai yarda ba sai da aka kira Likita, ta kafa hoton a jikin fitila, ta ce tabon nan yana nan yadda yake tun hotunansa na baya, bai motsa ba, bai ƙaru ba. Farfesa ya sha ruwa kofi biyu, ya yi hamdala, ya mayar da maɓallinsa.

A zaman kwamiti na ƙarshe ya sanar cewa bayan dogon nazari ya ga bai dace babba ya danne na ƙasa ba. A mayar da alamomin yaran, ko don a ƙarfafa musu gwiwa. Mataimakinsa ya ce irin wannan sauƙin kai sai manya. Aka sake tafawa, aka sa wa manhajar sunan Farfesa, aka fara gwada ta a ɗakin hoto a ƙarƙashin idon Likita.

Da aka watse ya tsayar da Auta a baranda, ya waiga hagu da dama.

"Wancan kwafin mai jan allo," ya ce, "ki goge shi. Kuma kada matata ta ji, sai ta hana ni cin nama."