Ranar da Aka Soki Ayu a Madatsar Goronyo

Shekara biyu Maccido yana ɓoye abin da ya gani. Masunci ne daga Taloka, ya haura sittin. Kullum da hantsi yakan kai kwalekwalensa wani lungu na madatsar Goronyo inda ciyawa ta yi kauri, ya ajiye filafili ya yi shiru. Can sai wani baƙin hanci mai gashi ya ɓullo, ya ja iska, ya nutse. Ayu ce, babbar dabbar ruwan nan mai cin ciyawa. A bana har da ɗanta, yana manne da haƙarƙarinta.

Zayyanu, ɗan ƙanensa, shi ya bi shi a ɓoye ya gano wurin. Ran Talata Maccido ya iso ya tarar da shi tsaye cikin jirgi da mashi mai igiya, abokinsa Mode na tuƙi.

"Zayyanu, mi kaka yi nan? Aje mashin ga!"

"Nama na, Baba. Ga mai, ga ƙashi, masu magani na jira."

"Ɗa gare ta, kana ji na?"

Hancin ya ɓullo. Zayyanu ya dage iya ƙarfinsa ya caka mata mashin a gadon baya. Ruwa ya tashi sama, ja wur. Ayun ta yi wata irin birgima, ta maka wa jirgin wutsiya ya kife. Igiyar ta naɗe ƙafar Mode, ta ja shi ƙasa yana ihu har ruwa ya cika masa baki.

Maccido ya faɗa ruwa da wuƙarsa. Ya laluba cikin jini da laka, ya kamo ƙafar, ya yanke igiyar, ya turo Mode sama. Fatar idon sawun ta saɓule, ƙashi a waje.

Zayyanu ya riƙe gefen kwalekwalen yana haki. "Ka yanke igiya! Ka sa ta tahi da mashina!"

Maccido ya hau, ya ɗauki filafili ya sheme shi a baki. Haƙora biyu suka faɗa ruwa. Ya sake ɗagawa, sai ya ga yaron ƙanensa ne ke kallonsa, jini na bin gemunsa. Ya sauke. Shi ya tuƙa su duka biyun zuwa gaɓa, aka ɗora Mode a babur sai asibiti.

Bayan kwana uku gawar ayun ta taso kusa da gonakin albasa, ta kumbura, mashin na jikinta. Mutane suka taru da wuƙaƙe, wari ya kore su.

Mode ya warke da ɗingishi. Zayyanu ya daina gaida baffansa, ko a masallaci. Maccido kuwa ya yi mako guda yana yankan ɗanyar ciyawa yana zubawa a lungun, ko ɗan ayun zai ci. Sau ɗaya ya ji numfashinsa can cikin ciyayi, gajere, da sauri-sauri. Da aka buɗe ƙofofin madatsar ruwan ya janye daga lungun, ya bar tsagaggiyar laka. Maccido bai ƙara jin numfashin ɗan ayun ba.