Lomar Farko ta Sabuwar Masara

"Rogo jiya, rogo shekaranjiya. Mama, saura kaɗan mu fara tsiro."

Achola ce, babbar 'yata. Shekararta sha uku, bakinta ya girme ta. Na ce ta rufe mini baki ta miƙo muciya.

"Muciya? Ugali za ki tuƙa?" Haka muke kiran tuwon masara.

"A'a, kanki zan tuƙa. Iza wutar."

Tsohuwar masararmu ta ƙare a wajen makokin mijina, Obura. Kwale-kwalensu ya kife a tabki, sati bakwai ke nan. Mutane sun zo, sun ci, sun tafi. Sabuwar kuma tana nan, buhu huɗu, ta bushe sarai. Amma a gidan nan ba mai kai sabuwar masara baki sai babba ya fara. Babban da ya rage ita ce uwar mijina, wadda yara ke kira Dani. Ita kuwa tun da aka binne ɗanta ba ta tauna komai ba. Shayi take kurɓa, shi ma rabin kofi.

Fasto ya ce in yi addu'a a kan garin mu ci, Ubangiji ne mai masara. Na yarda da shi. Amma na ga gidan da suka riga tsohonsu ci, na ga yadda yarinyarsu ta yi ta ramewa har ta tafi. 'Ya'ya biyu gare ni. Ba zan gwada da su ba.

Da safe na kai kwano uku na sabuwar inji. Yanzu rana ta take, ruwa ya tafasa. Na watsa gari hannu ɗaya, na bari ya yi kumfa, sannan na zuba sauran. Na taka gefen tukunyar da tsumma, na shiga tuƙi. Danna, juya, danna. Hannu ya san aikinsa, ba sai na kasance a wurin ba. Obura yakan ce in ka jefa ugalina a bango, bangon ne zai ji ciwo. Na tuna, ban ji komai ba. Na ƙara gari.

Da ƙasan ya fara ƙamshin gasasshiyar masara, sai ga Awiti, ƙaramar, ta zo ta tsuguna.

"Mama, ƙanzon fa? Ƙanzo ai ba ugali ba ne."

"Na masara ne."

"Dani ba za ta sani ba."

"Ni na sani. Cire hannunki."

Achola ta ce, "Bar ta, Mama, hancinta ma ya riga ya ci rabin tukunyar."

Na tara shi waje ɗaya, na kife a faranti, na shafa samansa ya yi sumul. Na zuba dafaffen ganye a kwano, na ɗauki butar ruwan ɗumi. Muka ratsa tsakar gida, ni a gaba, su biyu a baya. Kabarin Obura yana nan cikin gida, a hannun dama, ƙasar ta fara zama. Ba wadda ta juya.

Dani tana zaune a ƙofar ɗakinta, fuskarta wajen ƙofar gida.

"'Yar Alego," ta ce, don da sunan garinmu take kirana, "me kika ɗauko?"

"Sabuwa ce, Mama."

"Wa ya shuka?"

"Kin sani."

"Shi ya shuka. Ya ci?"

Na durƙusa, na zuba mata ruwa a hannu. Ta bari na wanke, kamar hannun wata. Na yi addu'a gajeriya, yara suka ce amin da ƙarfi fiye da kullum. Na gutsiro kaɗan, na mulmula, na lotsa tsakiyarsa da babban yatsa, na ɗebo ganye. Tururi yana ta raguwa. Wata kaza ta matso, Achola ta kore ta da ƙafa. Ina jin Awiti tana haɗiyar yawu a bayana.

Na sa lomar a tafin Dani, na naɗe yatsunta a kai.

"Mama, ba na ce ki ƙoshi ba. Ɗaya kawai. Ki sa a baki, yaran nan su ci."