Kiyashi a Tukwanen Don Heber

Don Heber Techera bai taɓa zuƙar wiwi ba, kuma ba shi da niyyar farawa yana ɗan shekara sittin da tara. Amma gwiwoyin matarsa Zulma sun gagari likita. Wata ƙanwarta ta kawo 'yar kwalbar man wiwi aka shafa mata, ta kwana ba nishi, ta tashi ta ɗora ruwa da kanta. Washegari Don Heber ya kifa hularsa ya tafi gidan waya ya yi rajistar noman wiwi. Tushe shida doka ta yarda wa kowane gida, shidan kuwa ya shuka, a manyan tukwane a bayan gida, kusa da murhun gasa nama.

Takin kanti dai ya ce ko kyauta ba ya so. Abin da zai shiga jikin tsohuwarsa ba zai ci gubar kamfani ba.

Nan fa kicin ya shiga uku. Zulma ba ta isa ta fasa ƙwai ba sai ta ga hannu ya miƙo ta bayan kafaɗarta. Ɓawon ƙwai a busar da shi a kan murhu, a daka ya zama gari. Ɓawon ayaba a jiƙa a kwalba kwana uku. Ruwan wankin shinkafa kuwa, ranar da ta manta ta zubar a lambatu, har yamma bai yi mata magana ba. Ya taɓa binne kan kifi a tukwane, magunan duk unguwar suka zo suka yi masa aika-aika, daga ranar ya haƙura da kifi.

"Tsoho, ka bari in gama cin ayabar mana."

"Ci abinki, ni ɓawon kawai nake jira."

"To daina kallon bakina."

Sai dai gidan mutum biyu ƙwai nawa zai fasa? Wadda ta rufa masa asiri Doña Mabel ce, mai ɗan gidan abinci a kan kwanar layin, wadda take fasa ƙwai sittin kafin rana ta take. Kullum da yamma takan ajiye masa bokiti a bakin ƙofa: ɓawon ƙwai, ɓawon ayaba, da tsohon ganyen mate, wato shayinsu mai ɗaci da ake zuƙa a ƙoƙo, wanda ta juye daga ƙoƙonta. Mutuniyar Ajantina ce, ta auri wani direban babbar mota ta zauna a nan garin Rocha shekara ashirin da biyu, amma har yau 'yar tsallaken kogi ake ce mata, don kogi ne ya raba ƙasarsu da wannan. Wanda ya fi kowa tsokanarta kuwa Don Heber ne.

"Doña, yau cokali nawa na sukari aka zuba a mate? Na ji ku can har jarirai suna raina matenku."

"Karɓi bokitinka ka ba ni wuri, tsohon banza."

To, sai an san Don Heber da mate. Shekara arba'in ya yi a mayanka da filas a hammata da ƙoƙo a hannu, kuma maten da yake haɗawa, in baƙo ya zuƙa sau ɗaya sai idonsa ya kawo ruwa. Da ɗacin nan yake taƙama. A wurinsa namijin da ya sa sukari a mate ya nemi goyo kawai. Mijin 'yarsa ma sai da ya shanye ƙoƙo uku bai yamutsa fuska ba kafin a ba shi kujera a gidan.

Abin da ba wanda ya sani a layin shi ne, shekara uku ke nan, tun da aka cire masa haƙoran ƙasa, ɗacin ya daina yi masa daɗi. Wata safiya shi kaɗai a ɗakin ajiyar kaya ya gwada zuba ɗan sukari, don ya ji me mutanen banza suke ji. Wayyo Allah! Ashe haka duniya take? Tun daga ranar, a waje ɗaci, da sassafe kuma a ɗakin ajiya zaƙi, sukarin yana cikin gwangwanin ƙusoshi. Da shukar nan ta zo sai ya samu inda zai riƙa ɓatar da shaida: ya juye ganyen a gindin wiwi, ya ja ƙasa ya rufe. Har yaba wa kansa yake yi.

A watan Maris, daidai lokacin da shukar ta fara fure, unguwa ta ɗauki ƙamshi, sai ga kiyashi. Ba ɗaya ba, ba ɗari ba. Layi suka yi daga katanga zuwa tukwane, suka kuma jawo wasu ƙananan ƙwari masu tsotse ganye, suka maƙale a bayan kowane ganye.

Ranar Lahadi abokinsa Ubaldo ya zo cin gasasshen nama. Ubaldo tsohon ɗan sanda ne, ya yi shekara talatin yana tumɓuke wiwi a gonakin mutane, saboda haka yanzu shi ne gwanin shawara a kanta. Ya durƙusa da ƙyar, ya bi layin kiyashin da yatsa, ya tone gindin shuka, ya ɗebo ganyen mate. Ya sansana. Sai ya ɗora a harshe.

"Sukari," in ji shi.

"Wane irin sukari kuma?"

"Irin wanda ake sha, mutumina. Wani yana zuba maka ganye mai sukari. Ganyen wa da wa kake sawa?"

Don Heber ya dubi naman da ke kan wuta, ya juya wanda bai isa juyawa ba.

"Nawa," ya ce, "sai kuma na bokitin Mabel."

Bai yi ƙarya ba, ko kalma ɗaya. Ya dai yi shiru a inda ya kamata ya ƙara magana. Ubaldo ya buga cinya ya ce ai dama! Shekara ashirin da biyu tana shan ɗaci a gaban mutane, ashe a bayan labule halin 'yan ƙasarsu na shan zaƙi take yi. Kafin naman ya huce labari ya kai ƙarshen layi.

Ranar Litinin masu cin abinci suka sa Mabel a gaba. Wannan ya ce a kawo masa nama amma don Allah ban da sukari. Wancan ya ajiye mata alawa a kan teburi ya ce ta rage zafi. Da yamma Don Heber ya je ya tarar da bokitin a kife, an wanke shi tas.

"Doña, yau babu ne?"

"Akwai. Na ba mai aladu." Ba ta ko ɗago daga goge teburi ba. "Takina yana da sukari, Don Heber. Kada in kashe maka shuka."

Ya ɗauki bokitinsa ya dawo, kunya kamar ta kashe shi, amma bakin nan bai buɗe ba.

Kiyashin dai ya yi maganinsu. Ya daina juye ganyensa a tukwane, ya riƙa wanke shukar ganye-ganye da ruwan sabulu. Amma shuka mai fure ci take yi kamar mai jego, kuma ta saba da bokitin Mabel. Cikin 'yan kwanaki ganyen ƙasa ya fara rawaya yana zubewa. Don Heber ya ce shi zai zama gidan abincin da kansa. Ayaba takwas a rana. Ƙwai da safe, ƙwai da rana, ƙwai da yamma. Zulma ta ci kwana biyu ta ce ita ba muzuru ba ce. Shi ya dage, har cikinsa ya ɗaure tamau, ya kwana huɗu yana shiga bayi yana fitowa hannu rabbana. Duk wannan wahala, garin ɓawon da ya samu bai cika kofi ba.

Ubaldo ya leƙo ya ga shukar ya girgiza kai.

"In ta ci gaba a haka, abin da za ka girba ko gwiwa ɗaya ba zai isa ba. Ka je kanti mana."

"Na rantse ba zan sa ba."

"To ka je ka lallashi 'yar tsallaken kogin. Ka ce ka yafe mata."

Man da ƙanwar Zulma ta kawo kuma ya ƙare, har an zuba ɗan man zaitun an girgiza kwalbar an shafa. Zulma ba mai ƙorafi ba ce. Sai dai ya ga ta koma dafa bango in za ta kicin, ya ga ta daina fita duba shukar, ya ji nishin nan ya dawo. Abin yana cinsa ƙwarai. Kullum sai ya ce gobe zai je wurin Mabel, gobe ta yi ya tuna fuskar Ubaldo da ta mijin 'yarsa, sai ya sake sayo ayaba.

Ranar Alhamis da tsakar rana yana dawowa daga kasuwa da nono guda na ayaba a kafaɗa, sai ya hango wata tsohuwa a gefen titi, sanda a hannu ɗaya, bokiti a ɗayan. Takan yi taku uku ta tsaya. Sai da ya matso ya gane rigar. Rabon Zulma da ta wuce ƙofar gida ita kaɗai tun kafin Kirsimeti, ga shi ta ci rabin layi, gumi ya jiƙa mata wuya.

"Tsohuwa! Ina za ki haka?"

"Wurin Mabel."

"Ki yi me?"

"In ba ta haƙuri. In ce mata ni ce mai shan sukarin, ni nake juye ganyen a tukwane ba ka sani ba."

"Ke? Ke da ko a kofi ba ki sawa?"

"To wa zai tsaya bincike? Tsohuwa ce mai ciwon ƙafa, za su yi dariyar kwana ɗaya su manta." Ta numfasa, ta gyara riƙon sandar. "Kai ba za ka iya ba, tsoho. Na ba ka kwana goma sha ɗaya. Matsa in wuce, in na daɗe a tsaye ba zan iya ci gaba ba."

Ta faɗe shi ba faɗa ba gori, kamar mai cewa ana shirin ruwa. Wannan ne ya fi yi masa ciwo. Ya sauke ayabar, ya kama ta ya zaunar a kan dakalin gidan maƙwabta, ya zare bokitin daga hannunta.

Gidan abincin cike yake, lokacin cin rana ne. Ubaldo yana kusa da taga da loma a baki. Don Heber ya tsaya a tsakiya, ya cire hula, ya rasa inda zai sa ta, ya jefa cikin bokitin.

"Jama'a," ya ce. "Sukarin nan nawa ne. Ni nake sha. Shekara uku. Doña Mabel ba ruwanta."

Sai Ubaldo ya ƙware, aka shiga bubbuga masa baya, daga nan wurin ya kece. Wani yana dukan teburi, wani ya fita da gudu ya kira na shagon aski. Aka tambaye shi cokali nawa, ya ce biyu. Aka tambaye shi ko a kawo masa bulumboti. Ya tsaya ya shanye, kunnuwansa kamar an gasa.

Mabel kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta goge hannu ta zagayo.

"Shekara ashirin da biyu," ta ce, "nake haɗiyar ɗacin nan kamar magani, don kada bakinka ya same ni. Ko a ɗakina ban taɓa sawa ba, ina tsoron in saba. Ashe kai kana can kana shagali."

"Ki yi haƙuri, Doña."

"Ban yi ba tukuna." Ta fizge bokitin, ta ciro hular ta kifa masa a ka, ta shiga ciki. Da ta fito bokitin ya cika har yana tuɗaɗa, ɓawon ƙwai da na ayaba. "Wannan na Zulma ne, ba naka ba."

Ya fito da shi, dariya tana bin sa har titi. Zulma tana inda ya bar ta, ta miƙe ƙafar da ta fi ciwo, tana jin komai daga nan.

"Cokali nawa ka ce musu?"

"Biyu."

"Huɗu ne. Bangon ɗakin ajiyar nan katako ne, tsoho, ina jin ƙarar cokali."

Ta yunƙura za ta tashi, gwiwar ta ƙi. Ta sake gwadawa, ta koma ta zauna, ta kawar da fuska don kada ya ga idonta. Don Heber ya ajiye bokitin a tsakiyar hanya. Ya juya mata baya ya durƙusa, ƙasusuwansa suna ƙara.

"Hau."

"Haba, a gaban mutane?"

"Yau kuma me ya rage da ba su gani ba? Hau."

Ta hau. Ya miƙe da ƙyar, ya fara takawa. Mutanen da suka fito ƙofar gidan abinci don su ƙarasa dariyarsu suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Ubaldo ya goge hawayen ƙwarewa da bayan hannu, ya tsallako titi, ya ɗauki bokitin da ayabar ya bi su a baya.